Majalisar Kwalaye a Taman Melati

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa aka kulle kowa a gida, ina Kuala Lumpur ina fama da karatun digiri na uku. Ɗaki guda nake haya a gidan wani abokina a Taman Melati. Shi ba ɗalibi ba ne, ɗan kasuwa ne mai aika kayan waya gida a kwalaye. Matarsa da yara sun tafi Kano hutu gab da a rufe iyaka, sai ya zama sun maƙale can, mu kuma mun maƙale nan. Na ukunmu mahaifinsa ne, wanda ya zo a cire masa yanar ido da niyyar ya ɗan huta ya koma. An yi aikin lafiya lau, ana maganar tikiti ke nan aka rufe filin jirgi. Haka muka zauna mu uku, maza zalla, tsakanin falo da kicin da tarin kwalayen abokina da suka rasa jirgin da zai ɗauke su.

Baba ya haura tamanin, amma bakinsa bai tsufa ba. Tsohon shugaban makarantar horon malamai ne, kuma har lokacin in ya ji ka karya Turanci ko Hausa sai ya gyara maka. Tun ranar da ya ji abin da nake karantawa ya sa mini suna Dakta, ba don girmamawa ba, don tsokana. In na soya ƙwai ya ƙone sai ya leƙo ya ce, "Dakta, wannan ma yana cikin binciken?"

Binciken nawa a kan Majalisar Zartaswa ta Jihar Arewa ne a ƙarshen zamanin Turawa, wato ɗan tsakanin nan da aka naɗa 'yan ƙasa ministoci amma Gwamna Bature ne ke shugabantar zamansu. Tambaya ɗaya nake bi: in an rufe ƙofar ɗakin nan, wa ke da iko? Ministocinmu ne, ko kuwa an jera su ne kawai a ɗauki hoto? Amsar tana cikin tsofaffin takardun gwamnati da ke ajiye a Kaduna. Har na gama shirin zuwa gida in duba, korona ta ce ban isa ba. Gidan ajiyar a rufe, jirgi babu.

Farfesar da ke duba aikina 'yar Malaysia ce, mace mai kirki amma ba ta wasa da aiki. Wata safiya muna magana ta bidiyo ta gaya mini a fili cewa idan zangon karatun nan ya ƙare ban samo abin dogara ba, sai dai mu canza batu, in koma wani abin da za a iya bincikawa daga kan kujera. Na ce mata to, na rufe kwamfuta, na zauna ina kallon bango. Tun ina sakandare nake son abin nan, kuma na zuba masa ƙarfina gaba ɗaya. Na ji zafin maganar sosai, duk da na san gaskiya ta faɗa.

Da rana muna cin shinkafa a falo, abokina ya lura ba na ci.

"Mutumina, makan lah, ci abinci mana. Ka zauna kana juya cokali kamar an aiko maka da mutuwa," ya ce. "Ni tun farko na gaya maka wannan research ɗin naka na matattu ne. Wa zai ba ka labarin meeting ɗin da aka yi kafin a haifi babanka?"

Ni mutum ne da in an taɓa abin da nake so, bakina ba ya tsayawa. Na ajiye cokali na shiga yi masa lacca. Na bayyana masa yadda majalisar take, har na kai ga cewa a cikin ministocin akwai dattawan sarakai da aka sa ba tare da an ba su wata ma'aikata ba, waɗanda ba sa jin Turanci sosai. Na ce tunda da Turanci ake zaman, ina kyautata zaton zama kawai suke yi har a tashi.

Baba yana gefe yana cire ƙashin kifi a hankali. Bai ko ɗago ba ya ce, "Wa ya ce maka zama kawai suke yi?"

"Hasashe ne, Baba. Haka masu bincike da yawa ke gani."

"To masu binciken ba su kyauta ba. Dattijon da na sani babu kalmar da aka faɗa a ɗakin nan da ba ta shiga kunnensa ba, don ni nake raɗa masa."

Na dubi abokina, abokina ya dube ni.

"Baba, kai?" in ji abokina. "Ni na san ka yi aiki a Kaduna kafin ka koma koyarwa, amma ba ka taɓa cewa komai ba."

"Ka taɓa tambayata? Kai da in ka kira ni sai maganar kwastan."

Ashe yana gama kwaleji, Turancinsa ya yi suna a garinsu, sai wani basarake da aka naɗa minista ya ce a ba shi yaron nan ya zama tafintansa. Shi ke zama a bayansa a duk zaman majalisa, yana juya masa magana zuwa Hausa a kunne. Mutumin da nake nema a cikin takardun Kaduna yana falonmu, yana cin kifi, kuma ni nake ɗiga masa maganin ido safe da yamma.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ruga ɗaki ɗauko waya, na yi tuntuɓe da kwali har farcena ya fashe, ban ma ji ba. Kafin in dawo falo na riga na tura wa Farfesa saƙo cewa na sami wanda ya zauna a ɗakin da kansa. Na durƙusa gaban Baba, na kunna wayar.

"Baba, mu fara daga zaman farko da ka halarta. Me aka tattauna?"

Ya suɗe yatsa ya ce, "Ba zan faɗa ba."

Na yi dariya don na ɗauka tsokanar ce da ya saba. Sai na ga shi ba dariya yake ba. Ya ce ranar da zai fara aiki, wani Bature ya kawo masa takardar alkawarin riƙe sirrin majalisa ya sa hannu. Dattijon ya duba ya ce wannan takarda ba ta isa ba, a kawo Alƙur'ani. Ya yi alwala, ya dafa, ya rantse a gabansa cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai fita daga bakinsa ba har ya koma ga Allah.

"Amma Baba, Turawa sun tafi tuntuni."

"Na san sun tafi. Ai ni na raka su da ido."

Daga nan na shiga yaƙin neman zaɓe. Na fito da kukar da nake ɓoyewa a ƙasan akwati saboda ranar tsanani, na tuƙa masa tuwon semo. Na matsa masa ƙafa. Na karanta masa labaran gida da safe. In na ga ya saki jiki sai in jefa tambaya kamar ba komai: "Baba, ashe har a kan gyaɗa an taɓa kai ruwa rana a majalisar?" Sai ya ce, "Gyaɗa tana da daɗi in an soya ta da yashi." Na yi masa bayani cewa Turawan da kansu sun daɗe da buɗe takardun, duk wanda ya je zai iya karantawa. Ya ce, "Madalla, sai ka je ka karanta." Tuwon dai ya ci, har ya nemi ƙari.

Farfesa kuwa ta matsa da tambayar yaushe za ta ga abin da na samo. Ni kuma ina ta ce mata ana kan aiki.

Wata rana bayan sallar asuba wata dabara ta faɗo mini, na ji kamar na gano maganin korona. Rantsuwa ai tana da kaffara. A ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Na ma tuna na taɓa karanta cewa akwai malaman da suka halatta a gabatar da kaffarar kafin a karya rantsuwar. Ban yi shawara da kowa ba. Lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida ya sayo abinci, kuma ranar layina ne. Na ɗaura takunkumi, na gangara wurin mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke bakin titi, na ce a yi mini tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na shinkafa da kaza guda goma. A bayan gininmu akwai leburorin gini baƙi da aikinsu ya tsaya tun farkon kulle, suna zaune a rumfar kwano. Na raba musu, suka yi ta godiya, na hau sama ina gumi ina murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

Na tarar da Baba a kan darduma yana jan carbi. Na ce, "Baba, albishirinka. Na biya maka kaffarar rantsuwar nan. Miskinai goma, shinkafa da kaza. Yanzu babu abin da ya rage a wuyanka."

Abokina da ke kicin ya leƙo, ya ga fuskar mahaifinsa, ya koma ciki a hankali.

Baba ya ajiye carbin. Ya daɗe yana kallona da sababbin idanun nan nasa, sannan ya ce, "Da niyyar wa ka ciyar?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Wato ka sayo mini laifi, ka biya kuɗinsa, saura in zo in aikata. Ɗan nan, Baturen da ya kawo takarda ya mutu. Dattijon da na rantse a gabansa ya rasu. Amma wanda na rantse da littafinsa yana nan. Abincin da ka bayar Allah ya ba ka lada, naka ne. Ni ban aike ka ba."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ya daina ce mini Dakta. In na gaishe shi ya amsa, in na ɗiga masa magani ya ce an gode, shi ke nan. A gidan da ba inda za ka fita, shirun mutum ɗaya ya ishi kowa. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma tsokanar ba ta dawo ba. Na yanke shawarar in haƙura. Na ce wa abokina ranar da zan yi magana da Farfesa zan gaya mata a canza batun kawai.

"Sorry, mutumina," ya ce. "Baba in ya ce no, ko Gwamnan ne ya dawo ba zai canza ba."

Ashe Baba yana jin mu daga ɗaki.

Washegari da hantsi ina kwance na ji ana jan kujera a falo. Na fito na tarar da shi tsaye a tsakiyar ɗakin, ya tura teburin cin abinci tsakiya, yana haki.

"Kujeru nawa ne a gidan nan?" ya tambaya.

"Huɗu, Baba."

"Ba za su isa ba. Kai Dakta, jawo kwalayen can."

Jin sunan nan kawai ya sa na ji wani sanyi a raina. Na shiga jan kwalaye ba tare da na san dalili ba. Ya nuna inda za a ajiye kowanne, wannan nan, wancan matsa shi kaɗan. Kujera mafi kyau ya sa aka kai kan teburin, bayanta na kallon taga. Sauran ukun ya jera su dab da ita, dama da hagu. Kwalayen kuma suka biyo baya a jere har ƙarshen tebur, wasu ma sai da suka zarce kusa da ƙofar kicin.

"Na kwana ina tunani," ya ce. "Na rantse a kan abin da aka faɗa. Ban rantse a kan kujeru ba. Kunna wayar taka."

Wallahi da ba don kunya ba da na rungume shi. Ya ce kujerar kan tebur ta Gwamna ce. Ukun da ke jikinta na manyan Turawan gwamnati ne, babban sakatare da na kuɗi da lauyan gwamnati. Kwalayen su ne ministocinmu. Ya ɗaura wa ɗaya tawul a ka ya ce wannan Firimiya ne. Abokina aka naɗa Gwamna, aka kora shi waje ya tsaya a baranda sai an kira shi. Ni kuma ya zaunar da ni a kan wani kwali can ƙasa ya ce ni ne dattijon. Sannan ya ɗauko 'yar kujerar roba da muke zama a kai in za mu yi wanki, ya ajiye ta bayan kafaɗata ta hagu, ya zauna.

"Nan ne wurina," ya ce. Muryarsa ta ɗan canza.

Ya ce Gwamna ya shigo. Abokina ya buɗe ƙofa da singileti da gajeren wando yana tafiyar ƙasaita, Baba ya zungure ni a baya, muka miƙe tsaye. Ba mu zauna ba sai da Gwamna ya zauna. Baba ya nuna mini ta inda takardu ke shigowa, hannun wa suke fara bi, da yadda minista ke jira sai an dube shi kafin ya buɗe baki. Ya sunkuyo kusa da kunnena kamar zai raɗa mini wani abu, na saki jiki ina jira, sai ya ce, "Nan rantsuwa ta fara." Muka fashe da dariya mu uku, har Gwamna ya kusa faɗowa daga kujera.

Abin da ya nuna mini a zama na biyu shi ne ya tashi kaina. Ya miƙo mini carbinsa ya ce in riƙe ina ja. Ya ce wa abokina ya yi kamar ya kawo wata shawara, ya bi fuskokin ministoci da kallo yana jiran amincewa. Sannan ya taɓa gwiwar hannuna ya ce in ajiye carbin a kan tebur, a hankali, kada in ce komai. Na ajiye.

"To duk wanda ke ɗakin ya ga wannan," ya ce. "In dattijo ya ajiye carbi, babu ministan da zai ƙara tari. Wanda ke rubutu ya ajiye alƙalami. Kowa ya dubi gabansa."

Muka yi shiru. Abokina ya dubi wannan kwali, ya dubi wancan, ya gyara murya, ya sosa kai. Ko shi da yake wasa yake yi, ya kasa jurewa.

"Baba, wallahi this thing is uncomfortable. Me zan yi yanzu?"

"Abin da Gwamnan gaske yake yi. Ka tattara takardar, ka ce a ɗaga maganar zuwa wani zama."

"In an dawo wani zaman fa?" na tambaya.

"Wani lokaci ta dawo an gyara ta. Wani lokaci ba ta dawowa."

Na tashi tsaye ina zagaya tebur kamar wanda kunama ta harba. Cikin 'yan kwafin takardun da na taɓa samu kafin kulle, na sha ganin an rubuta cewa an ɗaga magana, ina wucewa ba na kula, don na ɗauka lokaci ne ya ƙure musu. Ashe a nan amsar tambayata take. Mutanen da nake zaton an jera su don hoto suna da hanyarsu ta cewa a'a, kuma hanya ce da mai rubuta bayanin taro ba shi da yadda zai rubuta ta. Na ce, "Baba, wace magana ce aka fi ajiye wa carbi?" Ya ce, "Dakta, zauna, kana tsaye a kan Ministan Ayyuka."

Na tura wa Farfesa bidiyon a ranar. Ba a jima ba ta kira ni, ta ma manta ba ta gyara kyamara ba, rabin fuskarta kawai nake gani. Tana dariya tana cewa, "Boleh, this one boleh," wato wannan zai yi. Ta ce su ma a ƙasarsu an yi irin wannan zama da Turawa kafin 'yanci, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya tambayi yadda ake zama a ɗakin ba, kowa abin da aka rubuta yake bi. Ta ce in manta da maganar canza batu, in ci gaba da ɗauka har sai tsohon ya gaji.

Bai gaji ba. Majalisar ta zama abin da muke tashi da shi kowace safiya. Wata rana muka fito muka tarar ya janye ɗaya daga kujerun Turawa ya jingine ta da bango, ya matso da kwalaye gaba. Bai yi wani dogon bayani ba, ya ce kawai, "Wannan ya daina zuwa." Bayan kwana biyu wata ta bi ta. Kwalin da ke da tawul ya yi ta matsowa har ya zo dab da hannun Gwamna. Ina kallon mulki yana sauya hannu a falonmu, tsakanin firji da tagar da ke kallon layin jirgin ƙasa.

Ranar ƙarshe Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Ya ce wa abokina ya fita baranda kamar kullum, amma ya raɗa masa wani abu a kunne da ban ji ba. Muka zauna, ni a kan kwalina, shi a bayana. Kujerar Gwamna babu kowa. Muka jira. Can ƙofa ta buɗe, na zabura na miƙe tsaye kamar yadda na saba. Sai ga abokina da butar ruwa da kofuna a faranti.

Baba ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Haka suka yi. Dukansu. Ranar da aka ce Gwamna ya daina shugabantar zama, kowa ya sani, an sanar. Amma ƙofa na buɗewa manyan ƙasar nan gaba ɗaya suka miƙe wa masinja mai kawo ruwa."

Ya ce sun dubi juna, sai dariya ta ɓarke a ɗakin da bai taɓa jin an yi dariya da ƙarfi a ciki ba. Masinjan ya rikice ya rasa inda zai ajiye farantin. Da Baba ya leƙa fuskar dattijonsa sai ya ga hawaye na bin gemunsa. Yana ba mu labarin, dariyar tasa ta tsaya, ya ciro hankici. Likita ya hana shi murza ido, don haka sai ya riƙa dannawa a hankali. Ya tashi da kansa, ya ɗauki kwalin nan mai tawul, ya ɗora a kan kujerar Gwamna, ya daɗe da hannunsa a kai.

"Ranar ban yi aiki ba," ya ce. "Dattijo ya waiwayo ya ce, yaro, yau huta, da bakinmu, da Hausa, za a buɗe da addu'a."

Ni ma sai da na juya baya na share ido. Abokina ya tsaya da farantinsa, ina ganin ranar ya fara ganin mahaifinsa a matsayin wanda ya taɓa zama saurayi.

Da aka samu jirgin kwaso 'yan ƙasa, Baba ya koma gida. Ni kuma bayan an buɗe ko'ina na je Kaduna, na zauna na karanta takardun nan da na yi ta mafarkinsu. Akasarin abin da ke ciki maganar rijiyoyi ce da gadoji da allurar shanu da gina azuzuwa. Kuma ga wuraren da aka ɗaga magana nan birjik, ina ganinsu ina jin ƙarar carbi a kan tebur. Ɗokin nawa bai bar ni ba, na fita waje na kira shi a waya, na karanta masa shafi guda tun daga sama har ƙasa. Ya saurara bai katse ni ba.

"Haka aka yi, Baba?" na tambaya.

Na ji yana murmushi ta cikin wayar. Ya ce, "Kai ka karanta, Dakta. Ni dai ban faɗa ba."

Ya rasu kafin a ba ni digirin, don haka bai taɓa kirana da sunan nan da gaske ba, kuma na fi son hakan. Har yau in na tuna kwanakin nan farin ciki ne ke fara zuwa mini, sannan kewa ta biyo baya. Na je da niyyar in ciro abu daga bakin tsoho, na ɗauka duk abin da aka kulle yana da kuɗin buɗewa. Shi kuma ya kwana yana neman hanyar da zai ba ni duk abin da nake buƙata ba tare da ya taɓa abin da ba nasa ba. Ya samo, kuma abin da ya ba ni ya fi wanda na roƙa.

Da zan bar Kuala Lumpur na bar littattafai da yawa saboda nauyin kaya, amma na ce wa abokina ya sa mini 'yar kujerar robar nan a cikin kwalayensa. Ya yi mini dariya ya ce kuɗin aikawa ya fi kuɗinta. Tana ofishina yanzu, a bayan kujerata ta hannun hagu. Ɗalibai kan tambaye ni ta mece ce, sai in ce ta wani tafinta ce da ya ji komai, aka binne shi da abin da ya ji.